Ƙarfen Malam Lawrence da Cibiyarka

Gyadi-Gyadi, Kano
Mayu, 1957

Zuwa ga ƙanena Garzali, a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa kana lafiya, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan kalau muke, matata Saudatu ta yaye goyonta, Inna kuma sai ciwon gwiwa.

Abin da ya hana ni zama shi ne Malam Lawrence, ma'aikacin gidan waya da na ba haya a shagon ƙofar gida. Mutumin kirki ne, amma yana da akwatin wayar iska da yake hira da mutanen ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Ya kafa dogon gora ya ja waya har bisa soronmu. Ya ce dole a kafa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa mai laima kafin ruwa ya sauka, don in aradu ta faɗo ta bi sandar ta shige ƙasa, kada ta bi ɗakunanmu.

Ka dai san ƙasar gidan nan, marmara ce zalla. Mun buga guduma har sandar ta lanƙwashe, dagi ya dakushe, hannuna duk ya yi kanta. Mun je Tarauni mun ɗauko mai haƙar rijiya, shi ma ya yarfe gumi ya tafi. Wuri ɗaya ne ya yi taushi, bayan ɗakin Inna inda ruwan wanka ke kwanciya. To, nan aka binne cibiyarka.

Da Inna ta gan mu da guduma, sai ta ja tabarma ta zauna a kan wurin. Lawrence ya durƙusa ya yi mata bayani da Hausarsa, ya ce zai sauke goran in ta ƙi, ko da zai daina hirar tasa. Ba ta ko dube shi ba, ni ta duba. Ta ce, "Shekarun ƙanenka nawa bai zo ba? Abin da ya rage mini nasa a gidan nan ke nan. In mai cibiyar ya yarda, ya zo ya faɗa mini da bakinsa."

Garzali, kullum la'asar hadari na haɗowa daga gabas, goran kuma na nan tsaye, ba a kafa sandar ba. Jiya ma na ce wa Inna ta shiga ɗaki, ta ƙi.

Ka gaida Kawu Maikano da mai gidanka. Kada ka aiko da takarda, Inna ba ta karatu. Tabarmar tana nan shimfiɗe.

Yayanka,
Maje