Itacen da Ya Tare Hanyar Tudun Mikiya

Orick, farkon Afrilu

Zuwa ga mijina Eino,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da sabon ƙugun da likitoci suka sa maka. Yaya ƙafar? Yaya 'yarmu Janelle da yaranta? Ta ce mini kullum sai ka yi wa mai koya maka tafiya gardama. Ka bari, tsoho. Allah ya ƙara sauƙi.

Na so in ɓoye maka wani abu, amma gara ka ji daga bakina. Iskar da aka yi bayan tafiyarka ta kayar da jan itace a Hanyar Tudun Mikiya, gaba kaɗan da gadar rafi. Ba ya cikin manyan tsofaffin itatuwan nan da muke kira kakanni, amma a kwancen ma ya kawo mini ƙirji. Inda ya faɗi kuwa ka san shi, dama dutse, hagu gangare. Babu ta inda za a zagaya.

Jiya Ruben Ortega, jami'in daji, ya zo har gida. Ya ce ba mai kunna injin yanka sai kaka, domin tsuntsayen teku sun fara kwanci a ƙololuwar itatuwa, ƙara tana korarsu daga kan ƙwai. Ma'aikatansa kuma duk suna can manyan hanyoyi. In ba a buɗe tamu kafin zuwan masu yawon bazara ba, za a cire ta daga taswira, a bar daji ya cinye ta. Hanyar da kake sharewa da hannunka tun da aka rufe kamfanin katako, Eino. Raina ya ɓaci, ko abinci ban iya ci ba.

Da safe na sauko da dogon zartonka na mutum biyu daga rumfa. Haƙoransa suna nan yadda ka wasa su. Saura mai kama ɗaya hannun. Na bi abokanka gida-gida, wannan ciwon baya, wancan hawan jini, wani kuma matarsa ce ta amsa masa. Mutum ɗaya ce ta ce za ta zo, Corinne Albright. E, ita dai, wadda ta ɗaure kanta da sarƙa a ƙofar kamfaninku don a daina sare itatuwa, shekarar da aka sallame ku. Na san yanzu ka haɗe rai. Ka haɗe, amma ka ƙarasa karantawa.

Ka gaishe mini da kowa. Gidan ya yi mini girma ba ka.

Matarka,
Marlys

Orick, tsakiyar Afrilu

Eino nawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki? Na ji daɗi da Janelle ta ce ka taka har bakin titi da sanda. Amsarka ta iso, na kuma ga inda ka ce kada waccan matar ta taɓa maka zarto. Ka makara, ta riga ta taɓa.

Ranar farko ko rabin aiki ba mu yi ba. Muna isa, Corinne ta ɗora tafin hannu a jikin itacen tana neman gafararsa. Na ce mata ai ya riga ya mutu, ba mu muka kashe shi ba, ta ɗauki hannun zarto kafin hazon teku ya jiƙa mu sharkaf.

Sai matsalar da ka sani. Duk wanda bai taɓa riƙe wannan zarto ba, turawa yake yi. Ina ja tana turo mini, ƙarfen yana lanƙwashewa kamar zai karye. Na yi haƙuri har na gaji, na ce, “Baiwar Allah, ba a turawa. Ki ja naki, ki sakar mini in ja nawa.”

Ta ce, “Taimakonki fa nake yi, na ga kina haki.”

Na ce, “Riƙe taimakonki. Na wancan karon ma bai ƙare mu da komai ba.”

Na zaci za ta ɗauki jakarta ta tafi, sai ta zauna a kan itacen, ta buɗe gorar gahawarta ta miƙo mini. Ta ce ba ta yi nadamar tsaya wa itatuwan ba, amma ta daɗe tana jin nauyin haɗa ido da mu a kanti. Ni ma na faɗa mata wahalar da muka sha a shekarun nan, ban rage komai ba. Ta ci bandar kifin da na zo da ita, ta ce gishiri ya yi yawa. Ka ji mace.

Da muka koma, abin ya fara zama. Zarton ya soma wannan kukan nasa mai daɗi, jan gari yana zuba a kan takalmanmu. Da muka yi nisa itacen ya so ya matse shi, na buga ƙarafan tokare a tsagar yadda kake yi. Yanka na farko ya kusa fita. Kafaɗuna kamar ba nawa ba, hannun Corinne duk ya yi bororo, amma kullum ita ke riga ni zuwa bakin hanya.

Ka ci abinci sosai, ka daina fushi daga nesa.

Taka,
Marlys

Orick, farkon Mayu

Masoyina Eino,

Ina gaishe ka da zuciya ɗaya. Yaya ƙarfin jiki, yaya mutanen gidan? Ka nemi kujera ka zauna, yau labarin mai daɗi ne. Mun buɗe hanya.

Bari in faɗa maka yadda aka yi. Da yanka na farko ya fita, Ruben ya zo ya ja mana layi da alli inda za mu yi na biyu, daidai faɗin da mutum ɗaya zai wuce da jakarsa. Na ɗora zarto a kan layin, Corinne ta ƙi kama hannunta. Ta matsa can wajen gindi, inda itacen ya fi kauri, ta ce nan za a yanka. Na ce mata ko ta zautu ne, wannan ai ƙarin aikin kwanaki ne.

Ta ce, “Mijin nan naki mai taurin kai, da sanda zai dawo. Ta ina za ki riƙe shi in giɓin na mutum ɗaya ne?”

Na juya baya kamar ina gyara igiyar takalmi, don kada ta ga idona.

Can muka yanka. Shekaranjiya da hantsi muka ji itacen ya yi ƙara, muka zare zarto muka ja da baya. Guntun ya rabu, muka sa masa sandunan ƙarfe mu biyu, Ruben na uku, ya mirgina ya bi gangare yana karya rassa har cikin rafi. Ƙasa sai da ta girgiza. Mu kuwa, tsofaffi biyu, muka rungume juna muna ihu kamar yara an tashi makaranta.

Ba mu koma gida ba. Muka bi ta giɓin muka hau, ta cikin manyan kakanni inda rana ba ta taɓa ƙasa, har muka fito fili a kan tudu. Hazo ya janye, ga teku shimfiɗe, ga bareyi suna kiwo can ƙasa. Na yi farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba. Da muka sauko mun tarar Ruben ya cire allon rufe hanya, har wasu ma'aurata sun shiga da goyo.

Janelle ta ce ƙarshen wata za ta kawo ka. Ni da Corinne mun gwada giɓin kafaɗa da kafaɗa, ya ɗauke mu har da sauran wuri. Ka zo da sandarka, ɗaya hannun naka kuwa nawa ne.

Allah ya kawo mini kai lafiya.

Matarka mai jiranka,
Marlys