Agogo Mai Madanni Biyu

Birnin Kudu,
3 ga Oktoba, 1977.

Zuwa ga taubashina, Alhaji Ɗan'azumi, Gwaram.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da Hajiya Barira da sauran iyali, da fatan kaka ta zo muku da albarka. Mu nan sai godiya, in ban da idanu da suka fara ƙin ƙananan baƙaƙe, da yatsu masu sanƙarewa da safe.

Labari ya iso ni cewa yaron wajenka ya sami aiki a matatar mai ta Fatakwal, kuma kafin ƙarshen wata zai tafi. Allah Ya sa a shiga a sa'a. A kansa nake rubuto maka.

Ka san agogunan nan nawa da kake yi mini dariya a kansu. Na fara tara su ne shekarar da aka sami mulkin kai, ina aikin gyaran rubutu a gidan ɗab'i a Zariya, Turawa suna ɗaure kaya suna gwanjon abin da ya yi musu yawa. Jama'a na rububin kujeru da rediyo, ni ina bin agogon hannu. Yau kasuwa ta cika da masu batir, masu ƙyalli, ba mai waiwayar irin nawa. Ni ma wana su kowace safiya ya fara gagarata. Da yawa na ƙyale su sun tsaya.

Akwai ɗaya da ba na so ya tsaya. Na wani Baturen safiyo ne, ƙirar Siwizalan, mai baƙar fuska, da ƙananan fuskoki biyu a cikinta, da madanni biyu a gefe. Ka danna na sama, dogon tsinke ya tashi da gudu. Ka sake dannawa, ya tsaya cak. Na ƙasa ya mai da shi inda ya fito. Turawa na ce wa irinsa kuronogiraf, kuma don masu auna aiki aka yi shi: injin kaza, a minti nawa yake cika tanki. Na jera su duka na yi ta dubawa. Akwai wanda ya fi shi tsufa, akwai wanda ya fi shi kyau, amma shi ne ya dace da mai aikin inji.

Sai dai ka san ba zan iya miƙa masa ba. Ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka kai maka shi, bakina bai taɓa kama sunansa ba, kuma ba da girmana za a ce na ware shi da kyauta ba. Don haka ka ƙirƙiro wani aike ka turo shi ranar Juma'a. Zan baje agogunan a faifai in ce ya ɗauki ɗaya, kamar yadda zan ce wa kowane baƙo. Sauran dabarar tawa ce. Kai dai kada ka ce masa komai.

Allah Ya bar zumunci.
Naka,
Gwadabe.

Gwaram,
5 ga Oktoba, 1977.

Zuwa ga Malam Gwadabe, sarkin agogo, bawana na gado.

Wa alaikumus salam. Maikano direba ya kawo takardarka, sai da na huta sau biyu kafin in kai ƙarshenta. Duk muna lafiya. Gero ya shiga rumbu, a Farin Dutse ana ta tonon gyaɗa.

"Yaron wajena" dai sunansa Iliyasu. Bari in yi maka shi da manyan baƙaƙe saboda idon naka: ILIYASU. Gemu gare shi yanzu. Kai da ka karance littattafan duniya, kana gyara wa 'yan jarida kuskure, sunan ɗanka ya gagare ka. Kunyar ɗan fari kowa ya yi ta, ni ma na yi, amma kai ka mai da ita sana'a.

Ga abin da ba ka tambaya ba. Da ƙaramar sallar nan, muna dawowa daga gidanka, na ce masa a mota, "Yaya ka ga Malam?"

Ya ce, "Lafiya ƙalau, Baba. Ya ba ni labarin agogo uku, kowanne da sunan mai shi na farko da garin da aka ƙera shi."

Na ce, "To kai me ya tambaye ka?"

Sai ya juya yana kallon gonaki. 

Zan turo shi Juma'a da zabi biyu. In ka ga dama ka ba shi tarihin zabin.

Barira na gaishe ka.
Ubangidanka,
Ɗan'azumi.

Birnin Kudu,
8 ga Oktoba, 1977.

Alhaji,

Bayan sallama. Zabi sun iso, mun gode. Ga yadda aka yi.

Ya zo bayan an sauko daga masallaci. Ya cire takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin zaure, nesa da tabarmata. Ka yi masa tarbiyya, wannan ba zan hana ka ba, kuma a kanta na gina dabarata. Ɗan mutunci in babba ya ce ya zaɓa, mafi ƙasƙanci yake ɗauka. Saboda haka na goge sauran suna sheƙi, baƙin nan mai madanni biyu kuwa na bar shi da ƙurarsa a gefen faifai.

Na ce, "Samari, tunda tafiya ta kama, ɗauki ɗaya a nan." Na yaba wannan, na yaba wancan. Da na zo kansa na ture shi da yatsa na ce, "Wannan tarkace ne, neman wanda zan jefa wa nake yi."

Ya dube shi. Ya daɗe yana dubansa, har na ɗauka an gama. Sai ya miƙa hannu ya tsallake shi, ya ɗauki wani na gwangwani mai tsagaggen gilashi, wanda na saya a Kano don in riƙa cire kayan cikinsa.

Na ce, "Wannan ba ya riƙe lokaci."

Ya ce, "Zan riƙa gyara shi da rediyo, Malam. Ya ishe ni. Allah Ya ƙara girma."

Maganar da ta rage a bakina ba irin wadda na iya faɗa ba ce. Na ce ya gai da mutanen gida. Ya tashi ya tafi.

Wanda bai san agogo ba, ba zai yi masa irin wannan kallon ba. Me ka gaya masa?

Na gaji, Alhaji. Zan naɗe baƙin agogon in ba Maikano ya kawo maka. Ka ce kai ka saya masa a Kano.

Wassalam.
Gwadabe.

Gwaram,
17 ga Oktoba, 1977.

Malam,

Amin, wa alaikumus salam. Na yi jinkirin amsa don haushinka nake ji, da na kaina.

Eh, na gaya masa. Yana ɗaure zabi na ce, "In Malam ya baje maka agoguna, ka lura da baƙin nan mai madanni biyu. Shi ne ransa." Nufina ya ɗauke shi. Ina na san za ka zage shi a gabansa? Kai ka yi dabara, ni na yi dabara, muka taru muka ɓata miya.

Da ya dawo na ga gwangwanin nan a hannunsa na ce, "Kai, Iliya, wannan kuma daga wace bola?"

Ya ce, "Baba, abu ɗaya na san Malam yana so a duniya. Yaya zan raba shi da shi?"

Na ce, "To in don kai ya ajiye shi fa?"

Ya yi 'yar dariya, ba ta daɗi ba. Ya ce, "Da don ni ne, ai da ya faɗa."

Ka ji. Kuma ko wanka zai shiga sai ya cire shi ya kwantar a kan hularsa. Shekaranjiya agogon ya yi masa ƙarya har motar Kano ta tashi ta bar shi, zai je karɓo takardunsa. Na ce ya jefar, ya ce Malam ne ya ba shi.

Maganar in ce ni na saya, ba da ni ba. Na gaya wa Maikano in ka ba shi ƙunshi kada ya karɓa. Na ci da shi, na yi masa kaciya, na kai shi makaranta, har aure in Allah Ya kai mu ni zan yi masa. Wannan ɗayar ba aikina ba ce. Ranar Lahadi zai tafi, kuma masu zuwa Fatakwal sai su shekara biyu ba a ga ƙeyarsu ba. Kai ka san idonka, ka san shekarunka. Ni dai kada ka ƙara rubuto mini a kan wannan magana. Ku biyun kun gajiyar da ni.

Allah Ya ba ka lafiya.
Ɗan'azumi.

Birnin Kudu,
19 ga Oktoba, 1977.

Zuwa ga Iliyasu,
ta hannun Alhaji Ɗan'azumi, Gwaram.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya.

Baƙin agogon nan ba tarkace ba ne. Naka ne. Na kai wa baduku ya yi masa sabon maɗauri, amma ya ce ba zai huda ba sai ya ga mai shi, ni kuwa ban san kaurin hannunka ba.

Ka biyo kafin Lahadi. Ka zo da shirin kwana.

Wassalam.
Gwadabe.