Reshen Kaka ya fi ni gata

Yaya Michiyo,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, tarin ma ya ragu. A aiko min da safar ulu.

Kin tuna reshen bishiyar elm ta gidan Kaka da na taho da shi daga Asahikawa? A ɗakin binciken da nake aiki a nan Kanada mun binciki ƙwayoyin halittarsa, ashe cutar da ke kashe bishiyoyin titunan Winnipeg ba ta kama shi. Yanzu ya zama ɗan lele, har bargo ake naɗa masa. Jiya shugabarmu ta durƙusa gabansa tana cewa, "Allah sarki, ka yi nisa da gida!" Ina tsaye a bayanta ina tari.

Jirgi ɗaya fa muka hau da shi, Yaya.

Ƙanwarki,
Chizuru