Amsar da Na Bayar a Shafin Auta

Zuwa ga aminiyata, Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Surukata ce take rubuta mini, matar Auta, don kin san ni da biro sai kallo. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, ban da kwalliya. Yaya gwiwar? Yaya jikoki? Ni lafiya lau, idon ne dai.

Auta ba ya aiki. Kamfanin buga littattafan ya sallame shi, wai sun samo na'urar da za ta yi. Ba ciwo yake ba, amma tun rasuwar babansa ban ga ya zauna haka ba. Ya saki labule, ya rufe kwamfuta, abinci yadda aka kai haka ake ɗaukowa.

Kin taɓa tambayata aikinsa na ce oho. To ga abin da na gane. Idan aka kawo rubutu sai ya bi shi yana sa alama: nan kan magana ne, nan suna ne, nan jerin lissafi ne. Kowace alama da mabuɗinta da marufinta. Sai ya rubuta ƙa'ida, ita ta bi alamomin, rubutu ɗaya ya fito littafi, ya fito a waya, ya fito irin na makafi mai ɗigo-ɗigon da suke shafawa. Yana da shafi a intanet inda yake koyar da wannan kyauta tun kafin aurensa. Mutane suna aiko tambaya, yana amsawa.

Yanzu ya ce ƙarshen wata zai goge shafin kaf, wai babu mai buƙata. Ni aikin kamfani bai dame ni ba. Shafin ne. In ya goge, ban san me zai tashe shi da safe ba. Na yi faɗa, ya ce to Mama, ya juya ya fuskanci bango.

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida yara.

Taki,
Uwar Auta

Aminiya,

Sallama da gaisuwa. Surukar ce dai take rubutu, tana dariya, na ce ta rufe baki. Ina fatan gwiwar ta lafa.

Na yi katsalandan. Na sa surukar ta buɗe shafin a wayarta ta karanto mini abin da mutane suka bari. Akwai wata malamar makarantar makafi, jarrabawa ta ƙarato, littafin lissafin ɗalibanta ya ƙi juyuwa zuwa rubutun makafi, tana ta sallama babu mai amsawa. Ni a gidana ba a barin mai sallama a tsaye. Na ce ta rubuta: ni ce uwarsa, yana ɗaki yana fushi da duniya, ki duba, akwai alamar da kika buɗe ba ki rufe ba. Shekara da shekaru abin da nake jin yana faɗa wa mutane ke nan ta bayan bango.

Ashe ba nan matsalar take ba. Baiwar Allah ta wuni tana nema, ta dawo ta ce Mama, komai a rufe yake. Wasu ma suka fara aiko tambaya, wai a kai wa Mama. Wayar Auta ta yi ta ƙara har ya duba.

Sai ga shi ya fito ba takalmi. Ya ce na ɓata wa malamar wuni guda, ya ce tunda ya buɗe shafin nan bai taɓa barin amsar banza a kai ba. Ya juya kan matarsa ya yi mata tas. Na ce in ka fi ni sani ka gyara mana. Ya ɗauko kwamfutar ya dire a teburin cin abinci. Wai alamomin malamar daidai suke, ƙa'idar ce take neman jerin lissafin a inda ba ya nan. Shayinsa ya huce, aka sake wani, ya shanye bai ma sani ba. Kafin la'asar malamar ta aiko hoton wata yarinya da yatsunta a kan takarda.

Bai goge amsata ba. Ya rubuta a ƙasanta cewa wannan kuskure ne, ga dalili, dogon bayani. Wai darasi ce. Ni ce darasin, kin ji rashin kunya.

Wata ya ƙare, shafi yana nan. Aiki kuwa har yau babu, kada ki je kina cewa an samu.

Saura hakki. Malamar tana bina wuninta, na sa a ba ta haƙuri. Surukata tana bin Auta ban-haƙuri, don ni na sa ta, kuma a gabana zai bayar. Masu tambayar da ya bari a tsaye suna bin sa amsa, ya fara biya. Ke kuma ina bin ki ziyara. Ki taho da kujerarki, don Auta da kwamfutarsa sun cinye mana teburin da kujerunsa.

Taki,
Uwar Auta