Likitan da Na Ƙara a Littafin Kaka

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki, da 'yan biyu masu cinye mini tsaraba tun kafin in sauke jaka. Allah Ya sa haka, amin.

Ki kwantar da hankalinki tun daga layin farko: yau da safe an yi wa Kaka aikin ido. Likita ya ce ya cire yanar tsaf, gobe za a kwance bandejin. A bencin bakin ɗakin da aka kwantar da ita nake rubuto miki, takarda a kan gwiwa. In kin ga rubutun ya karkace kada ki ɗora wa makarantar allo, gwiwa ba tebur ba ce.

Ran Lahadi kin yi ta faɗa a waya kina tambayar me ya sa tsohuwa ta ce ta fasa, bayan wata huɗu muna jiran layi. Na ce miki ban sani ba. Na sani. Tana kusa ne, kin kuwa san tun da idon ya rufe kunnen ya buɗe, ko miyau na haɗiye tana ji. Shi ya sa na ɗauki biro.

Jakar littattafan da kika aiko ita ce mafari. Kullum in na taso daga shagon guga bayan la'asar, sai in zauna bakin gadonta in karanta mata. Kin san bokon nawa, wanda kika koya mini a bayan kwalin sabulu: ina tafe ina tuntuɓe, ina rangaji kamar mai hadda. Kaka ta ce saurayi na gaya wa budurwa ita ce hasken ransa, amma a bakina sai ka ce ana neman ƙarshen izu. Matar da ta yi shekara talatin tana buga takardu a ofis, yau ta koma jirana, ni Tsinke, in haɗa baƙi da wasali. Ta ce wannan ma cikin jarrabawar ne.

Tunda kin ce in gaya miki yadda na gan su, to na soyayyar nan huɗu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A mai hoton mota an ci shafi uku ana kwatanta rigar saurayi, wai karin gugarta zai iya yanka yatsa, amma har littafin ya ƙare ba a ambaci bawan Allahn da ya goge ta ba. Wannan ya ci mini rai. Ita kuma budurwar, in ya zo kuka, in ya tafi kuka, in ya yi waya kuka. Kaka ta ce da a gidanmu take da mun huta da ɗaukar ruwa. Ba mai aikin yi a cikinsu, saurayi zai je ofis ya juya a kujera sau biyu ya dawo ya ce ya gaji. Siririn nan mai koren bango ne kawai ya shige ni, na mai ɗinki da direban motar haya, don su aƙalla suna jin yunwa.

Sai mai jan bango, na matar da mijinta ya ɓace ranar da suka tare a sabon gida, kullum ta tashi sai ta tarar an sauya wa takalminsa wuri. Wannan ya kama mu da gaske, har Kaka ke barin shayinta ya huce. A tsakiyarsa matar ta yanke a hannu aka kai ta asibiti. Layi huɗu ne kacal, an ɗaure, ta koma gida. Ni kuwa sai shaiɗan ya zauna mini a harshe. Na ƙara wani likita mai sanyin murya, wanda ke yi wa tsofaffi allurar barci ya ciro idanunsu ya jera a kwalabe. Kwana uku ina jan sa, ina juya shafi don ta ji ƙarar takarda. Jira nake ta ce wayyo in fashe da dariya. Ba ta ce ba. A rana ta uku ta laluba ƙarƙashin matashi ta miƙo mini katin asibiti, ta ce in mayar musu, ita da makantarta ta gode.

Yaya, na durƙusa na rantse ni na ƙirƙire shi. Ta ce wanda ya zuba mata gishiri a gwangwanin sukari, ya ɗinke mata hannun riga ran da za ta unguwa, shi ne yau za ta gaskata? Na hau sama na roƙo malamar makarantar nan da ke zaune a saman benenmu ta karanta mata wurin, layi huɗu cif. Kaka ta ce na saye ta da guga kyauta. Gaskiya na yi wa malama alkawarin gugar, amma don ta sauko ne kawai.

Abinci ya daina wuce mini. Na ƙone wuyan rigar wani mutum, maigidana na shago ya ƙwace dutsen gugar ya ce in je in wanke fuskata. Ina ta tuna watan jiya da ta sheƙa wa ƙafarta ruwan zafi tana laluben kofi. Ga shi an ce wanda ya rasa ranarsa sai bayan wata shida, ɗaya idon kuma ya fara bin ɗan'uwansa. Na ce shi ke nan, da bakina na rufe wa Kaka ido.

Jiya na zauna na karanta mata na gaskiya, harafi bayan harafi, har inda matar ta ji motsi a ɗakin ajiya ta kama hannun ƙofa. Saura shafi goma sha biyu. Na rufe littafin na ce:

"Kaka, tunda ni maƙaryaci ne, malama kuma an saye ta, sauran sai ki karanta da idonki."

Ban san tana da sauran zagi haka a ajiye ba. Ta ce in ba ta takardarta, ta gaji da auren miji mara kunya. Na ajiye littafin na fita. Yau da na dawo daga sallar asuba na tarar da ita zaune da mayafi, jaka a cinya. Abin da ta tambaya kawai, ko na sako littafin.

Ki yi mini faɗan a takarda, ya fi sauƙin haɗiya. Ki gaida maigidan da yaran.

Ƙaninki,
Tsinke

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan zazzaɓin ƙaramar 'yan biyu ya sauka. Wasiƙarki ta iso, shafi biyu gaba da baya. Na karanta duka ina rangaji, na kuma karɓi laifina, sai dai inda kika ce a kai ni a duba mini kai.

Ban ba ki labarin kwance bandeji yadda ya kamata a waya ba. Da aka cire, ta ƙura mini ido ta daɗe, har na fara jin ƙwalla. Sai ta juya ta roƙi likita ya mayar mata da yanarta, wai ta manta haka mijin nata yake. Malaman asibiti har da riƙe ciki. Ni ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Sati biyar aka hana ta karatu, littafin yana ƙarƙashin matashinta. Na yi mata alkawari ba zan leƙa ba, kuma ki yarda ko kada ki yarda, ban leƙa ba. Shekaranjiya aka ba ta tabarau. Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna bakin taga, kafin ruwan shayi ya tafasa ta cinye shafi goma sha biyun. Yaya, ashe duk mafarki matar take yi. Miji na nan kwance gefenta yana minshari, takalminsa inda ya bar shi. Kaka ta wurga littafin ya bugi ƙofa, ta ce:

"A kan wannan aka yanka mini ido?"

Da muka gama dariya na sake ba ta haƙuri kan likitan kwalabe. Ta cire tabarau tana gogewa da bakin zane, ba ta dube ni ba, ta ce:

"Kai Tsinke, tun layin farko na san ƙarya kake. In kana karatu tuntuɓe kake yi, in kana ƙarya kuwa kamar an buɗe famfo. Tsorona nawa ne, na dai samu inda zan rataye shi."

Daga nan ta yi maganar mijinta Baba Tsoho, wanda ba ta ambata tun muna yara. Ta ce shi ma ce musu aka yi ƙaramin aiki ne, da ƙafarsa ya shiga, ya ba ta agogonsa ta riƙe masa, bai fito da rai ba. Ta ji kunyar gaya miki tsoro take ji, ni kuma ga ni na kawo mata likita har gado. Na tambaye ta ko ba ta ji tausayina ba, kwana uku ba ci ba sha. Ta ce ta ji, amma da ta tuna gwangwanin sukari sai ya wuce.

Na rasa ko in yi fushi ko in yi hamdala. Na yi hamdalar, na ci kwano biyu.

Yanzu aiki ya juya. In na kawo ragowar guga gida, ita ke zama ta karanta mini. Mun koma kan mai hoton mota, ta ce na lalata shi da tuntuɓe. Sai dai jiya wani yaron shagon guga ya ɓullo a ciki, siriri, mai manyan kunnuwa, ya ƙone wuyan rigar saurayin, budurwar ta dube shi ta daina kuka ta kama dariya. Ni dai ban tuna da shi a karatun farko ba. Na kasa kunne ko zan kama ta, amma Kaka ba ta tuntuɓe, ko a gaskiya ko a ƙarya. Na ce ta nuna mini shafin, ta rufe littafin da tafin hannu ta ce in kula da wutar dutsena.

In za ki sake aikowa, ki nemo irin mai koren bango, ki kuma fara duba ƙarshen. Tana gaishe ki da kyau, ta ce a kawo mata 'yan biyu ta ga wa suka ɗebo.

Naki har kullum,
Tsinke