Man Kitson Kaka

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya maigida da su Amina? Ya sanyin Jos? Mu nan Bagudo lafiya, sai jikin Kaka.

Yaya, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da likita ya hana Kaka man shanu saboda zuciyarta, ni nake karɓo mata shi wurin wata Bafulatanar Illo ranar kasuwa. Cewa take na kitso ne. Da farko na yarda, sai ran nan na gan ta tana lasa da yatsa. Ta ce, "Jikalle, rufa mini asiri." Na kuwa rufa mata.

Shekaranjiya Baba ya kai ta Birnin Kebbi aka sake auna jininta, tunda yanzu mun samu jiha ba sai an je Sakkwato ba. Likita ya ce kitse ya ƙaru, wai jini ba ya ɓoye abin da baki ya ci. Kaka ta rantse ba ta ci. Baba ya dawo ya ce Inna ce ke zuba man a miya. Inna ta yi ta kuka, har yau ba sa magana.

Ki sa Kaka a addu'a, ni ma ki sa ni. Ki gaida kowa.

Ɗazu na kwance wa Kaka kai na yi mata kitso da basilin, ko kallona ba ta yi ba. Kwalbar man shanun na ɗauke mata, tana cikin akwatina. Gobe bayan Juma'a zan kai wa Baba ita da hannuna.

Ƙanwarki,
Balkisu