Lambar Kalilu

Jibiya, 4 ga Maris, 1954

Zuwa ga yayata Hajo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen Gusau duka. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Yaya, zauna kafin a ƙarasa karanta miki wannan. Akwai wani Bafaranshe a gidan duwan, wato kwastan na tsallaken iyaka, Mushe suke ce masa. Ba shi da aiki sai tara lambobin yabo na soja, yana kafe su a allo. Wasu 'yan kasuwa sun gane shi, suna kawo masa na sanholo, farin ƙarfen nan marar nauyi, an shafe da ruwan tagulla. Shi ne ya aiko a kira masa maƙeri ya ware masa na gaske. Ni ne dai Allah ya nufa.

Na zauna ina aunawa a tafin hannu, ina jefawa a dutse in ji ƙara. Sai na zo kan wata ta sojan Ingila, ba nauyi, ƙararta a dushe. Nan take na tura ta cikin na jabu, har da tsaki! Da Mushe ya nemi shaida, na goga magagari a gefenta. Yaya, sai ga ja, ga fari a tsakiya, ga ja kuma. Na wanke bayanta da ruwan tsamiya, ƙusoshi uku suka fito. Shekara talatin ina ƙira, na kira aikina jabu a gaban Bature.

Kin tuna da ɗanki Kalilu ya dawo daga yaƙin ƙasar Bama lambarsa ta tsage? Ni na yanko sanholo daga kwanon cin abincinsa na soja na yi mata ƙarfi, na rufe da tagulla. Sanholo ba ya kama tagulla a wuta, shi ya sa na buga ƙusa. Babu mai irin wannan ɗinkin sai ni.

Shekara bakwai ke nan da ciwon taɓin hankali ya fitar da shi gida ya ɓace, muna cewa ko ya mutu. To, Mushe ya ce watan jiya aka samo lambar nan hannun wani mai lambu kusa da Maraɗi. Gobe zan bi motar gyaɗa zuwa can. Kada ki sa rai da yawa, amma ki yi addu'a.

Ƙanenki,
Maharazu Maƙeri

Jibiya, 12 ga Maris, 1954

Yaya Hajo,

Gaisuwa da fatan alheri. Alhamdu lillahi! Na ga Kalilu da idona, shi ne mai lambun, yana ban ruwan albasa. Ya rame, furfura ta fito masa, amma hankalinsa ya dawo sarai. Da ya gan ni ya saki guga ya durƙusa, ni ma tsohon banza na yi ta kuka.

Ba ciwon ne ya hana shi dawowa ba, kunya ce. Bai manta ranar da abin ya taso masa ya ture ki kika faɗi kan turmi ba. Ƙafarki ya fara tambaya. Ya ɗauka kin yi masa baki, har ya ba da lambar don ya daina tuna gida. Na yi masa faɗa sosai, na gaya masa kullum sai kin ajiye masa tuwo har ya kwana.

Yana da mata, Barira, mutuniyar kirki, ita ta yi jinyarsa. Suna da 'ya mai shekara huɗu. Na tambayi sunanta ya sunkuyar da kai, sai Barira ta faɗa mini. Sunanki ne. Uwani suke kiranta, don bakinsa ba ya iya faɗi.

Mushe, Allah ya saka masa, ya cire lambar daga allonsa ya ba ni. Ga ta cikin takardar nan. Kalilu ya ce in ba ki yafe ba, ki maido ta, zai gane. In kin yafe, ki riƙe, shi zai zo ya karɓa. Na san ki, Yaya, don haka ban jira amsa ba. Na ce masa ya ɗaure kaya, ranar Lahadi muna tafe mu huɗu.

Ki gaida kowa. Ki sa a daka tuwo da yawa.

Naki har kullum,
Maharazu Maƙeri